Sifilin da Na Kora Daga Kan Dambuna

Ba zan taɓa mantawa da abin da ya shiga tsakanina da sifili ba. E, sifili dai, ɗan zagayen nan da ba komai a cikinsa.

Ni mai dambun nama ce a Gyaɗi-Gyaɗi. Ban yi boko ba. Lissafi a kasuwa na koya, haruffa kuwa waya ce ta tilasta mini sanin su bayan na girma. Na binne miji, gobara ta taɓa cinye mini ɗaki har da turmin sana'ata, na karkaɗe zani na ci gaba. Ba ni da yawan magana, kuma ba kowane abu ke ba ni kunya ba. Na faɗi haka ne don ku san girman wadda zan ba ku labari.

Shekara da shekaru ina yawo da bokitin dambu a ka, daga ƙofar wannan ofis zuwa gidan wancan biki, har gwiwoyina suka fara ƙara kamar tsohon ƙyaure. Sai Allah ya haɗa ni da matar Alhaji Mudi a wani suna. Ta ci dambuna, ta kai wa mijinta. Shi Alhaji Mudi yana da babban kanti a Tarauni, irin wanda mutum ke ɗaukar kwando ya zaɓi kaya da kansa, kuma ma'aikatan gwamnati ne yawancin masu sayayya a wurinsa. Ya aika aka kira ni, ya nuna mini wani gurbi a kan kanta, dab da inda ake biyan kuɗi.

"Nan zan ba ki," ya ce. "Wuri ɗaya ne, masu so da yawa. Akwai wata mai cincin da ta kusa ƙarar da takalminta a ƙofar nan. Amma ba a leda za ki kawo ba. A roba mai murfi, da sitika a kai: suna, lambar waya, da ranar da aka yi shi. Mutanena sai sun karanta kwali kafin su ci abin da ke ciki."

Na ce to. A raina na san abin da gurbin nan yake nufi. Na sauke bokiti ke nan.

Maganar sitika sai wurin Malam Sanusi. Maƙwabcinmu ne, ya yi aikin buga takardu a ofishin gwamnati har ya yi ritaya, ya buɗe ɗan shago wajen titin gidan zu, yana buga wa mutane katin biki da takardun neman aiki. Mutumin kirki ne, aibinsa ɗaya: bayani. In ka tambaye shi hanyar Daurawa, sai ya fara maka daga wanda ya sare dajin wurin. A unguwa ba a tambayarsa komai in ana sauri.

Ranar huɗu ga Agusta na je. Ya ba ni kujera a gefe, na ƙi zama, na tsaya a bayansa, don ban taɓa kallon kwamfuta kusa haka ba. Ya buɗe wani shafi mai gidaje-gidaje kamar gurabun dara, jere bisa jere har ƙasa. Ya rubuta kwanan wata a gida ɗaya can sama. Kafin ya ɗaga yatsa sauran gidajen duk sun cika da lambobi.

"Wa ya rubuta waɗannan?" na tambaya.

"Fomula."

"Mene ne shi?"

"Umarni ne. Kamar ki gaya wa mai markaɗe sau ɗaya yadda kike son kayan miyarki, kullum kika aika ya yi haka ba sai kin sake faɗa ba. Asalin abin, Mai dambu, tun zamanin da muke buga tafireta..."

"Nuna mini shi."

Ya taɓa gida ɗaya, wani gajeren layi ya fito a sama. Ga shi nan, na haddace shi kamar lambar gidanmu:

=TEXT(A2,"ddmm")

Ya ce A2 sunan gidan da ya rubuta kwanan wata ne. Harafin d na rana ne, m na wata. Sitikar ƙarama ce, shi ya sa ya haɗe rana da wata wuri ɗaya ba tsakani. Duk wannan ya shige ni. Abin da bai shige ni ba shi ne lambar da ta fito a ƙarƙashin sunana: 0408.

"Malam, yau nawa ga wata?"

"Huɗu."

"Agusta wata na nawa ne?"

"Na takwas."

"To waɗannan biyun fa, wa ya gayyace su?"

Ya yi dariya. Ya ce ai d biyu ya sa, m biyu. In ka ba ta biyu dole ta kawo lamba biyu, in ranar ba ta kai goma ba sai ta cika da sifili a gaba.

Nan raina ya ɓaci. Ku da ba ku san sana'ar ba, dambu aiki ne mai cin nama. Ka dafa, ka daka, ka soya, tulin nama ya koma ɗan mitsitsi. Shi ya sa wasu ke zuba garin kwaki ko dusar waken suya don ya yi auki. Sunan wannan algus, kuma ban taɓa yi ba, ko a shekarar gobara. Yanzu ga na'ura ta ɗebo abin da ba komai ba ta zuba a kan robata don lamba ta yi auki, kuma a ƙarƙashin sunana.

"Cire su," na ce.

"Mai dambu, lambar wayarki ma ai da sifili ta fara."

"Wancan in ka cire shi ba za a same ni ba, aiki yake yi. Wannan in ka cire, huɗu ta fasa zama huɗu?"

Ya sosa ƙeya. (Malam Sanusi fa, na ƙure shi. Na ji daɗin wannan fiye da kima, kuma ina jin daga nan kaina ya fara kumbura.)

"Ba ta fasa ba," ya ce. "Amma tsaya in yi miki bayani, akwai watannin da..."

"Nuna mini inda zan taɓa."

Ya nuna. Da yatsana mai warin albasa na goge d ɗaya, na goge m ɗaya, na danna inda ya ce in danna. Daga sama har ƙasa sifilan nan suka watse lokaci guda, kamar kajin da aka watsa wa ruwa. Ko'ina 48, tsaf, ba algus. Na daɗe ina kallo. A rayuwata ban taɓa ba da umarni an bi shi da sauri haka ba, ko 'ya'yan cikina. Malam ya sake buɗe baki zai ci gaba da bayaninsa, sai ga wani ya shigo yana neman katin ɗaurin aure na gaggawa. Na ce a buga mini nawa in tafi. Aka buga.

Daga nan na kamu. Duk ranar da na yi suya sai na je shagon, kuma da Malam ya ga nacina sai ya bar mini kujerar. Ni ke rubuta kwanan wata, ni ke danna wurin bugawa, shi yana can yana fama da masu katin biki, ba ya ma duba abin da na buga. Watannin Bature a wannan kujerar na fara haddace su, don ni da watan Azumi da na Sallah na saba lissafi. Ina kuma gwada na'urar kamar yadda ake gwada sabuwar 'yar aiki. Na taɓa rubuta mata talatin da ɗaya ga Satumba da gangan, ta ƙi haɗa mini, ta dawo mini da shirmena yadda na ba ta. Na tambayi Malam ta yaya ta san Satumba ba ya kai nan. Ya gyara zama, na ce bar shi, na tuna na ɗora tukunya.

Agusta ya wuce lafiya. Satumba lafiya, Oktoba lafiya. Dambu yana tafiya, gwiwoyina sun huta, har na yi 'yar ƙiba. A layinmu kuwa babu wadda ban gaya wa cewa ni ke buga sitikata da hannuna ba.

Ranar ɗaya ga Nuwamba na yi suya mai yawa, don farkon wata ne, albashi ya shigo. Na buga sitika, lamba ta fito 111. Har na ce wa kaina ta yi kyau, kamar sanduna uku a jere. Na kai kanti. Ran Litinin bayan la'asar Alhaji Mudi ya kira ni.

"Ki zo yanzu."

"Lafiya?"

"Ki zo dai."

Na tare adaidaita sahu. Ko da na isa kantin cike yake, masu kwanduna har bakin ƙofa. A gaban kanta wata Hajiya ce tsaye, doguwa, da tabarau, ta jera robobina guda shida a gabanta kamar an kama ɓarayi. Daga baya na ji cewa aikin duba-gari ta yi har ta yi ritaya. Da na sani tun farko da na rage murya.

"Ke ce mai wannan?" ta ce.

"Ni ce."

"Baiwar Allah, 'yata jego take yi. Naman wata goma zan kai wa mai jego?"

"Wane wata goma?"

"Tun Janairu aka yi shi. Ga shi a rubuce."

Mutane suka fara juyowa. Wani mai kwando da ya riga ya ɗauki roba ɗaya ya mayar da ita kan kanta a hankali. Na ga wannan, na ga fuskar Alhaji Mudi, na ga bokitina yana dawowa kaina. Ban yi wata-wata ba na fizgi roba ɗaya, na ɓalle murfin, na cika hannu na watsa a baki.

"Shekaranjiya na sauke shi," na ce da cikakken baki. "Saniyar ma a Janairu tana kiwo. Alhaji, ɗanɗana."

"Azumi nake, yau Litinin."

"To shinshina."

Ya ja da baya. Na juya ga Hajiyar, na ɗaga murya yadda na ƙarshen layi zai ji.

"Wannan lambar ni na buga ta da hannuna a kwamfuta. Ba wani ya buga mini ba. Kwamfuta kuwa ba ta ƙarya, ko Satumba ba ta yarda a ƙara masa kwana."

"Madalla," ta ce. "Karanta mini."

"Ɗaya ga watan sha ɗaya."

Ta gyara tabarau. Ta ɗauki murfin, ta sa babban yatsa ta rufe lambar ƙarshe. "Sha ɗaya," ta ce. Ta matsar da yatsan ta rufe biyun farko. "Ga watan ɗaya. Janairu."

Na karɓi murfin. Na rufe ta farko: ɗaya, sha ɗaya, Nuwamba. Na rufe ta ƙarshe: sha ɗaya, ɗaya, Janairu. Na sake. Na sake kuma. Ga sanduna uku, ba wanda ya ƙara, ba wanda ya rage, amma in ka matsar da yatsa sai nama ya tsufa da wata goma. Wallahi na manta rigima ake yi. Na tsaya ina ta matsar da yatsa ina mamakin yadda lamba ɗaya take da baki biyu, har na ji kaina ina tambayar Hajiyar, "To ashe da jiya na buga, biyu ga wata, ashirin da ɗaya ga Janairu za ki gani?"

"Ƙwarai."

"Ikon Allah."

"Ba kallo na kira ki ba," Alhaji Mudi ya ce. "Wa zai shaida cewa shekaranjiya aka buga?"

Da mai hankali ce da ta fita waje ta yi waya. Ni kuwa na kira Malam Sanusi a nan tsaye, na buɗe muryar wayar kowa ya ji, na ɗaga ta sama.

"Malam, yaushe na buga sitikar nan ta ƙarshe?"

"Ran Asabar, ɗaya ga wata. Ina nan zaune kika buga."

"Kun ji," na ce wa mutane. Na kai yatsa zan kashe. Yatsan nan kuwa duk man dambu ne, gilashin wayar ya ƙi jin sa.

"Me ya faru?" in ji Malam. "Au, Nuwamba. Sha ɗaya ɗaya ta fito ko? Ai abin da na so in gaya miki ke nan tun ranar farko. Wa ke kusa? To bari in yi bayani. Ni da na tsara abin lamba huɗu ce, da sifili a gaba. Ita ta goge da hannunta. Ta ce sifili algus ne. Ta ce ita ba ta zuba kwaki a dambu, ba kuwa za ta zuba shi a lamba ba."

Wani ya tuntsire da dariya a bayana. Ina ta dangwalar wayar, ina goge yatsa a mayafi, ina sake dangwala.

"Har ma ta ce," Malam ya ci gaba, muryarsa tana cika kanti, "in aka bar ta da kwamfutar nan wata guda, sai ta gyara wa Turawa sauran kurakuransu."

(Na faɗa. Ba zan musa ba. Amma a shago na faɗa, mu biyu, ranar ina cikin nishaɗi.)

Yanzu kam har mai karɓar kuɗi ta kifa kai a kan tebur, kafaɗunta na rawa. Hajiyar ce kawai ba ta yi dariya ba. Ta miƙo hannu ta karɓi wayar, ta ce, "Mun gode, Malam," ta kashe da yatsa ɗaya, ta miƙo mini. Ni kuwa ga dambu a laɓɓana, ga shi a mayafi, na rasa inda zan ajiye idona sai kan takalman mutane.

Alhaji Mudi ya jira dariyar ta lafa. Shi bai ga abin dariya ba.

"Na yarda sabo ne," ya ce. "Amma ba zan tsaya ina yi wa kowane mai saye bayani ba. Da wannan lambar ba zai kwana a kantata ba. Kuma satin albashi ne, ba zan bar gurbi ba kaya ba. Mai cincin waya ɗaya ce."

Na ce a ba ni zuwa gobe in sake bugawa. Ya girgiza kai. Na matsa kusa da shi. Ni da ban roƙi kowa ba ranar gobara, sai ga shi ina shirin roƙo a kan ɗan zagaye.

Hajiyar ta buɗe jakarta ta zaro biro.

"Abu ɗaya ne ya ɓata," ta ce. "Ke kika kore shi, ke za ki dawo da shi. A gaban ta farko. Alhaji, in ta yi haka ya wadatar?"

Ya ɗan yi tunani. "In ya fito sosai."

Aka kifa mini akwatin lemo a gefen kanta, aka sauko da robobin gaba ɗaya aka tara a gabana. Na zauna. Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne, danna kwamfuta daban, riƙe biro daban. Ni biro ban fi sa hannu da shi ba, shi ma da ƙyar. Sitikar kuma santsi gare ta, bakin biron sai zamewa yake. Sifilina na farko ya fito kamar dankalin Hausa. Na biyu bai rufe baki ba, Hajiya ta duba ta ce wannan shida ce, in sake. Tana tsaye a kaina da tabarau, duk wanda na gama sai ta karɓa ta ɗaga shi sama ta duba, kamar dai tana zagayen kwatami.

Masu sayayya suna raɓa ni suna wucewa. Wani dattijo ya tsaya ya leƙa.

"Inna, me ake rubutawa?"

"Ba komai," na ce.

"Gaskiya ta faɗa," in ji mai karɓar kuɗi, aka sake sabuwar dariya.

Ban ɗaga kai ba. Na ci gaba da zagaye, ɗaya bayan ɗaya, zufa na ɗiga daga haɓata. Can wajen tsakiya hannuna ya fara sabawa, har na lura cewa in na fara daga sama na bi ta hagu ya fi rufuwa da kyau. Na gwada ta dama don in gani, ya lalace, Hajiya ta ce ba wurin gwaji ba ne nan.

Kafin magariba na gama. Alhaji Mudi ya ɗauki roba ɗaya, ya karanta a fili, "Sifili ɗaya, ɗaya ɗaya," ya mayar da ita gurbina da kansa. Ya ce daga yau duk kayan da zan kawo sai ya ga sitika kafin a jera. Hajiya ta ɗauki biyar ɗinta, ta ce wadda na ci a kaina take. Ta bar mini biron. Ban san ko kyauta ba ce ko gargaɗi.

Washegari na koma shagon Malam Sanusi. Ban gaishe shi da kyau ba, shi ma bai tambayi dalili ba. Na zauna, na mayar da d, na mayar da m, sifilan suka dawo gidajensu ba wanda ya yi mini gori. Sannan na juya na ce, "To yi bayanin." Ya yi. Ya fara daga tafireta, ya bi ta wani ubangidansa da ya rasu, ya dawo kan takardun fansho. Na zauna har ƙarshe don hukuncina ke nan, amma gaskiya ban fito da komai ba.

A bakin famfon burtsatsen layinmu na gane, bayan kwana biyu. Na fito da safe na tarar da jarkoki a jere, rawaya-rawaya, ba kowa a wurin, ba ruwa a cikin ko ɗaya. Kowace tana riƙe wa mai ita layi. Na tsaya ina kallon su. Ni da kaina na fi shekara ashirin ina ajiye jarka ba komai a cikinta a wannan layin, kuma na taɓa shaƙe wata mata da ta sa ƙafa ta ture mini ita, wai ai fanko ce.

Tun daga ranar, duk abin da na tarar a tsaye a gaban layi, ko fanko ne, sai na tambayi wa yake riƙe wa wuri kafin in sa masa ƙafa. Ni da aka ture mini jarka a take na rama. Shi sifili ba shi da hannun shaƙewa, sai ya yi haƙuri ya jira ni a Nuwamba.